Babi na Bakwai: Bayan Ruwa Ya Janye

Duk wanda ya taɓa zuwa jaje garin da masifa ta faɗa wa ya san tambayar da ke jiransa in ya dawo gida: "To, ya ka baro su? Sun fara dawowa hayyacinsu kuwa?" Amsar da muka saba bayarwa ita ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Amsa ce ta ladabi, amma wanda ya yi tambayar bai ƙaru da komai ba. Da me ake gane gari ya fara farfaɗowa? Me matafiyi zai duba ta tagar mota, ko a bakin kasuwa, ya tabbata mutanen wurin sun fita daga jimamin jiya sun koma lissafin baɗi?

Masu jinya sun daɗe da sanin amsar irin wannan tambaya. Ba sa tambayar majinyaci ko ya warke, don ko yana kan gargara zai ce ya ji sauƙi. Jira suke su ji ranar da zai ce a dama masa kunu, da bakinsa, ba tare da an lallashe shi ba. Gari ma haka yake. Akwai abin da ake yi masa, akwai abin da yake yi wa kansa, kuma na biyun ne ke nuna lafiya. A wannan babi za mu bi hanya daga Jama'are mu shiga Azare, mu yi arewa har tsohon garin Katagum, muna neman wuraren da mutane suka zuba kuɗinsu da guminsu a kan abin da ba zai biya su yau ba.

Ruwan da ke zuwa rana na haske

Kafin mu nemi alamun warkewa, ya kamata mu san ciwon. Kogin Jama'are, wanda a can sama ake kira Bunga, daga tsaunukan Jos yake tasowa. Yana gangarowa ta ƙasar Ningi, ya ratsa Jama'are, ya bi ta gefen Katagum, sannan ya haɗu da Kogin Haɗeja a wajajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi. Reshen Haɗeja yana da manyan madatsu biyu a jihar Kano, wato Tiga da aka gama a 1974 da Challawa a 1992. Reshen Jama'are ba shi da babbar madatsa ko ɗaya. Abin da sama ta zubar a Filato haka yake gangarowa, babu mai tare shi, babu mai rage masa gudu.

Ga shi kuma ƙasar arewacin Bauchi shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta rairayi. Kogin da ya taso da ƙarfi daga kan duwatsu, in ya iso nan sai ya rasa gangaren da zai bi, ya bazu hagu da dama. Shi ya sa manomin Zaki ko Itas zai kwana sararin sama fes, taurari a waje, ya wayi gari shinkafarsa ta nutse. Ruwan da ya ci gonarsa ba a kansa aka yi shi ba, kwanaki ya yi a hanya.

A daminar 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, kuma ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa na cikin wuraren da suka ji jiki a jihar Bauchi. A watan Agustan 2024 ruwa ya sake dawowa, har ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a wajen ƙauyukan Malori da Guskuri cikin ƙaramar hukumar Katagum. Ba ruwa kaɗai ba ne. A ƙarshen 2014, cikin ƙasa da wata guda, bama-bamai uku suka tashi a Azare: ɗaya a tashar mota, ɗaya a layin masu cirar kuɗi a banki, na uku a Kasuwar Jagwal inda ake cinikin wayoyi. A watan Yunin 2018, cikin makon ƙaramar Sallah, gobara ta lashe babbar kasuwar garin, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar jaje. Cikin shekara goma ke nan yanki ɗaya ya ga wuta, ya ga ruwa, ya ga ta'addanci.

Tarihin ƙasar ma ba na zaman lafiya lau ba ne. Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Katagum a kan iyaka da Borno, wurin da ba a kwana da ido biyu rufe. Baturen nan Clapperton da ya iso a 1824 ya tarar da birni mai ganuwa biyu da kasuwa mai ci. Bayan shekara biyu, a 1826, rundunar Shehu Laminu na Borno ta sa Sarki Ɗankauwa ya fice daga garin, sai da taimakon Yakubun Bauchi ya zo aka dawo. A farkon zamanin Turawa aka ɗauke gadon sarauta aka kai Azare, tsohon birnin ya zauna da sunansa da kabarin magabata. Mutanen da suka gaji wannan tarihi ba a jiya suka fara koyon tashi bayan faɗuwa ba.

Hanya da masu fito

Abin da ido ke fara gani shi ne hanya. Ranar da titi ya yanke, kafin injiniya ya iso daga Abuja, sana'o'i sun riga sun tsiro a bakin ramin. Masu kwale-kwale suna fiton mutane da babura. Samari suna ɗaukar buhuna a ka su tsallaka da su. Motar Kano ta sauke fasinja a wannan gaɓa, motar Potiskum ta kwashe su a waccan, direbobin biyu sun daidaita kuɗi a tsakaninsu ba tare da takarda ba. Kafin sati ya zagayo mai shayi ya kafa tebur, mai ƙosai ta hura wuta.

Wannan abin burgewa ne, kuma baƙo yakan tsaya nan ya ɗauki hoto ya ce ya ga juriya. Ni dai ba na sa shi cikin lissafin farfaɗowa. Dabarar tsira ce, wadda ke tashi da matsala ta mutu da ita. Kuma tana da tsada: buhun da aka sauke aka ɗora sau biyu, aka biya masa fito, zai isa kasuwar Azare da ƙarin kuɗi, talakan da ruwa ya ci gonarsa shi zai biya.

Idan za ka duba hanya, duba abin da aka yi bayan an cike ramin. Titi a irin wannan ƙasa tudu ne da aka gina a tsakiyar fili, yana tare ruwa ko an so ko ba a so. Inda kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ya yi ƙanƙanta, ruwa zai taru a gefe ɗaya, ya ci gonakin wannan gefen, ya riƙa zaizayar ƙasar titin har ta rufta. Don haka in ka ga an mayar da jar ƙasa an shafa kwalta a kan kwalbati irin na da, an sayi lokaci ne kawai. In ka ga an faɗaɗa mashigar ruwa, ko an mayar da wurin gada, an jera duwatsu a gefe, to wani ya zauna ya tambayi kansa me ya sa titin ya karye a nan bai karye a can ba. Sauka ka leƙa ƙarƙashin titi. Abin da ke can ya fi allon kwangila faɗin gaskiya.

Iri

Alamar da na fi amincewa da ita ba a kan titi take ba, a fadama take, kuma sai kaka ta wuce ake ganinta.

Ambaliya ba gona kaɗai take ci ba, tana cin iri. Manomin gero da dawa yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure daban, ya rataye ko ya sa a can ƙasan rumbu, ba a taɓa ta sai shuka. Rumbun ƙasa kuwa in ruwa ya kwana a gindinsa zubewa yake yi. Wanda ya tsira da ɗan abin da ya tsira da shi yana fuskantar zaɓin da babu mai so: ga yara na kuka, ga damin iri. In aka daka shi an ci yau an rasa baɗi. Gidan da ya jure ya bar irinsa, ko ya sayar da akuya ya sayo wani, gidan nan ya yanke shawarar zai zauna.

Sannan ga abin da ruwan da kansa ke bari. Kogin da ya yi ɓarna a Agusta yana janyewa ya bar laka mai taki da danshi mai zurfi, ya kuma ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya zo kusa. Mutanen bakin kogi sun san wannan tun kaka da kakanni. Suna bin sawun ruwa da shuka: inda ya janye yau, jibi an sa wake ko kankana ko rogo, su rayu da danshin da ya rage ba tare da an yi musu ban-ruwa ba. Bayan su sai masu noman rani sosai. A fadamun Jama'are da Itas da Zaki ba sai an yi haƙa mai nisa ba, ƴan mitoci kaɗan bututu ya taɓa ruwa, a ɗaura inji a fara ba shinkafa da alkama da albasa da tumatir da tattasai. Masunta ma shekarar babban ruwa shekararsu ce, don kifi a cikin ciyawar da ruwa ya rufe yake hayayyafa. Wannan ne ya sa mutanen kwari ba sa tashi duk da wahalar da suke sha. Mai cewa daga birni, "Me ya sa ba za su koma tudu ba?" bai lissafa cewa gonar jigawa sau ɗaya take haihuwa a shekara, ta fadama sau biyu ko uku.

Amma noman rani ba kyauta ba ne, kuma a nan ne ake gane wanda ya yi imani da gobe. Yana son inji, da mai, da taki, da maganin ƙwari, da kuɗin ƴan ƙwadago, duk kafin a ga ƙwaya ɗaya. Alkama sai an shuka ta cikin sanyi, tsakanin Nuwamba da Disamba, in an makara zafi ya riske ta ta ƙi cika. Wato mutumin da gidansa ya rushe a Satumba yana da kamar wata biyu ya samo jari. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 lissafin ya ƙara tsauri, don injin ban-ruwa kullum sai ya sha. Wasu suka mayar da injinansu masu amfani da gas na girki. Masu ɗan ƙarfi suka koma famfon sola. Allon sola a tsakiyar gonar albasa ya cancanci matafiyi ya tsaya ya dube shi da kyau. Kuɗinsa ba ya dawowa a girbi ɗaya. Wanda ya saya yana sa ran zai noma wannan fili shekaru masu zuwa, yana kuma da tabbacin ba za a kwance masa shi cikin dare ba. Shaida biyu ke nan a abu ɗaya, ta arziki da ta tsaro.

Akwai wata ƙaramar alama da ke tafe da wannan. Ƙauyen da ya karaya, da an gama kaka za ka tarar babu samari, duk sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, sai tsofaffi da mata. Ƙauyen da fadamarsa ke aiki kuwa, a watan Janairu za ka ga majiya ƙarfi a gida, har baƙin ƴan ƙwadago na zuwa daga wasu garuruwa. Ƙirga samarin da ke sahun sallar Magariba, ka samu labarin tattalin arzikin garin.

Gindin katanga

Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Ruwan sama a kan soro, in an yi yaɓe da kyau an gyara indararo, ba ya kayar da ɗaki. Wanda ke kwanciya a gindin bango shi ne maƙiyi: tubalin ƙasa ya sha, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, cikin dare a ji rugum. Da yawa daga cikin waɗanda ambaliya ke kashewa a ƙauyukanmu ba nutsewa suke yi ba, gini ne ke faɗa musu.

Saboda haka in ka shiga ƙauyen da ake sake gini, kada rufin kwano mai walƙiya ya ɗauke maka ido. Sunkuya ka dubi gindin katanga. Za ka ga gidaje iri uku. Na farko zana ce da leda da tsohon kwano, an kewaye don sutura, masu shi ba su da yadda za su yi ko ba su yanke shawarar zama ba. Na biyu an mayar da ɗaki yadda yake, a inda yake, da ƙasar da ta rushe aka sake kwaɓawa. Na uku shi ne wanda aka cike ƙasa aka ɗaga daɓe, aka yi sahu uku ko huɗu na bulon siminti ko jan bulo, sannan aka ɗora tubalin ƙasa a kai. Mai wannan gida ba attajiri ba ne, da attajiri ne da ya yi siminti har sama. Mutum ne da ya auna inda ruwa ya tsaya a jikin bango, ya kashe ɗan abin da yake da shi daidai wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka nan jinga. A garuruwan bakin kogi, tun kafin ruwa ya iso, mai unguwa kan sa a yi shela, a fito gayya da buhuna da shebur a tare inda aka san yana ɓallewa. Jingar da aka yi cikin firgici ruwa na bakin gari, kowa na iya yin ta. Wadda ake ƙara wa tsayi a watan Afrilu, rana na dukan ƙeya, babu gajimare ko ɗaya a sama, ita ce ke nuna jama'a na da shugabanci da ake jin maganarsa. Sai dai jinga tana da nata rikicin, don ruwan da ka tare bai ɓace ba, maƙwabcinka ka tura wa. Ƙauyuka da dama sun yi shekaru ba sa ga-maciji a kan wannan.

Batun tashi a koma tudu kuwa, ana yinsa kowace shekara a bakin jami'ai. Inda ya yi nasara, za ka tarar sabon matsugunin yana da rijiya ko famfo, kuma bai yi nisa da gonaki ba. Inda aka yanka filaye kawai aka ce a koma, da rani ya yi za ka ga an lallaɓo an dawo tsohon kufai.

Littafin bashi

Mu dawo Azare. Kasuwar da ta ƙone ana iya sake gina ta cikin shekara ɗaya ko biyu, amma rumfa ba ita ce kasuwa ba. Abin da gobara ke ci wanda ba a gani a hoto shi ne jari, kuma jarin ƙaramin ɗan kasuwa mafi yawansa ba nasa ba ne. Mai atamfa a Azare yana karɓo kaya a Kantin Kwari, mai kayan masarufi a Singa, ya sayar ya kai kuɗi ya ɗauko wasu. Shi ma yana ba na ƙasa da shi, masu bin kasuwannin ƙauye irin su Gamawa da Sakwa da Giyaɗe da Yana. Sarƙa ce ta amana, kuma wuta ɗaya na iya tsinka ta daga sama har ƙasa.

To ranar da kasuwa ke dawowa ita ce ranar da uban gida a Kano ya dubi yaronsa da ya zo hannu wofi, bashin baya na kansa, ya ce masa, "Ɗauki kaya ka je, Allah Ya mayar da alheri, in ka sayar ka kawo." Babu gidan rediyon da ke sanar da wannan rana. Amma kana iya ganin sawunta. Dubi shago: kaya sun kai har rufi, ko an baje ƴan kaɗan a gaba don su rufe kantar da ba komai? Tsaya ka saurara: in mata ta ce, "Alhaji, rubuta, sai ran kasuwa," yana jawo littafi ko yana nuna mata takardar da ya manna cewa ba bashi? Tambayi mata ko adashinsu na tafiya. Adashi ba ya rayuwa sai kowace ta yarda sauran za su kasance a garin, da abin zubi a hannu, har zagaye ya ƙare.

Ciwon 2014 daban yake da na 2018, don bam ba kaya ya fi lalatawa ba, yarda ya lalata. An yi lokacin da ake tsoron taro, ake kallon baƙo da jaka, ake tsarguwa da yarinya mai dogon hijabi, ake laluben mutane a ƙofar masallaci. Azare na kan hanyar Potiskum da Damaturu, kuma mutanen Yobe da Borno da yawa da suka gudo a gidajen ƴan'uwa da na haya suka sauka, ba a sansani ba. Garin ya karɓe su alhali shi kansa yana cikin fargaba. Warkewar irin wannan ciwo da dare ake ganinta: mai shayi ya kai sha biyu, mai tsire na da layi, matasa sun cika gidan kallon ƙwallo, ana cunkuso a wajen masu gyaran waya babu mai waige-waige. Hawan Sallah ma ma'auni ne, don ba a tara dubban mutane da dawaki a ƙofar fada sai hukuma da talakawa duk sun natsu.

Masu gina ɗakunan haya

Wani abu da ya sauya fuskar yankin cikin shekarun nan shi ne makarantu. Azare na da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tun da daɗewa. A 2011 aka buɗe jami'ar jihar a Gadau, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare. Waɗannan ayyukan gwamnati ne, ba su ne ma'aunina ba. Ma'aunin shi ne abin da ya tsiro a gefensu: ɗakunan haya da ƴan gari ke ginawa, shagunan buga takardu, gidajen abinci, da iyayen da ke can wata jiha suka yarda su turo ƴarsu karatu nan. A ƙauye kuwa abin dubawa ya fi sauƙi. Makarantar firamare ita ce masaukin farko na waɗanda ruwa ya kora. Ranar da aka kwashe tabarmi da tukwane daga aji aka mayar da allo, an wuce mataki ɗaya.

Abin da ke ruɗar baƙo

Rabon kayan agaji ba alamar farfaɗowa ba ne. Hukumomin NEMA da SEMA suna kawo shinkafa da masara da katifu da kwanon rufi, kuma wanda ya kwana da yunwa ba zai raina mudu ba. Amma dogon layi a sakatariyar ƙaramar hukuma girman buƙata yake nunawa. Haka ma murmushi. Bahaushe ko ruwa ya tafi da rumbunsa, in ka ce masa "Ya ruwa?" zai ce maka ruwa ya yi gyara. Tarbiyya ce da tawakkali, bai kamata a mayar da su rahoto ba.

Ina kuma da ƙorafi a kan yawan yabon haƙurin talaka, musamman daga bakin waɗanda aikinsu ne su rage masa buƙatar haƙurin. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Amfanin wannan sani shi ne ya isa kunnen mai unguwa da harshen da yake ji, kafin Agusta, tare da buhunan jinga da wurin da za a kai tsofaffi. Duk shekarar da bai isa ba, gayyar ƙauye ce ke biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Sannan farfaɗowa ba ta zuwa wa kowa daidai. Mai fili a fadama da ɗan jari yana iya fita daga shekarar ambaliya da riba. Wanda ke aron gona, ko matar da mijinta ya rasu ta rasa awakinta uku, ba su da abin da za su kai wa mai inji. Wani ma dole ta sa ya jinginar da gonar ga maƙwabcin da ya fi shi ƙarfi, ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Makiyayi kuma yana dawowa da rani ya tarar fadamar da shanunsa ke sha ta zama albasa daga bakin ruwa har bakin hanya, burtali ya toshe. Koren da ke faranta ran matafiyi, a wurin Bafulatani ƙofa ce da aka rufe. Wanda zai ba da labarin yanki da adalci sai ya tambayi su wa ke cikin wannan kore, su wa ke tsaye a gefensa.

Duk alamun da muka bi, daga kwalbati zuwa iri da jinga, martani ne ga ruwan da ake yanke hukuncinsa a wani wuri mai nisa. Tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara aikin madatsar Kafin Zaki a kan wannan kogi cikin ƙasar Ningi, aka dakatar a 1984, kuma har yau ana jayayya a kanta. Masu goyon baya a Bauchi na cewa za ta tare ambaliya ta buɗe noman rani mai faɗi. Manoma da masunta da makiyaya na ƙasa, daga dausayin Haɗeja da Nguru har Yobe da Borno, na tsoron za ta hana su ruwan da suke rayuwa a kai, suna kafa hujja da abin da ya biyo bayan gina madatsar Tiga. A babi na gaba za mu juya mu bi kogin zuwa sama, mu ga me madatsa ke iya yi, me ba ta iyawa, da kuma wanda ke da ikon buɗe ƙofar ruwa da rufe ta.